Daga Gulma Zuwa Alƙahira: Ɗalibi da Baƙunci a Babban Birni



Gabatarwa

Abin da wannan lacca za ta tattauna a kansa shi ne halin da ɗalibi yakan sami kansa a ciki sa'ad da ya bar garinsu ya tafi wani babban birni na wata ƙasa domin karatun jami'a. An zaɓi a ɗora maganar bisa hanya guda, watau wadda ta tashi daga Gulma ta ƙasar Argungu ta ƙare a Alƙahira, babban birnin Masar. Gulma gari ne na manoman shinkafa da masunta a bakin fadamar gulbin Rima, inda yaro ba zai ratsa kasuwa ba tare da wani ya kira shi da sunan ubansa ba. Alƙahira kuwa, ita da kewayenta, tana ɗauke da mutum fiye da miliyan 20, watau ta ninka jama'ar Jihar Kebbi baki ɗaya fiye da sau uku. Wanda ya kwana a Gulma ranar Lahadi yana iya kwana a Alƙahira ranar Talata, amma zuciyarsa da harshensa da cikinsa ba su saurin isowa kamar yadda jirgi ya kawo jikinsa.

Maganar ta shafi ɗalibai domin su ne matafiyan. Ta shafi ma'aikatan gwamnati domin su ne masu zaɓe, masu sa hannu, masu aika guzuri. Abin da ke cikinta kuwa ba ƙarami ba ne. Akwai gidan da ya sayar da shinkafar shekara ko ya rabu da bijimin noma domin ɗansa ya tafi, akwai kuma kuɗin jama'a da hukuma ta zuba. In ɗalibin ya kasa zama a birnin da aka tura shi, duk wannan ya bi ruwa, ko da kuwa ya fi kowa kaifin ƙwaƙwalwa.

Tafiya neman ilmi tsohuwar al'ada ce

Da farko ya kamata a san cewa wannan hanya ba yau aka fara bin ta ba. Malaman tarihi na Masar sun rubuta cewa tsakanin 1242 da 1252 mutanen Kanem suka ba da dukiya aka gina makarantar Ibn Rashiƙ a tsohon birnin Masar, inda ɗalibansu da alhazansu suke sauka suna karatun fiƙihun Malikiyya. Daga baya masallacin Azhar, wanda aka gama gininsa a 972, ya keɓe wa kowace nahiya zaurenta na kwana da karatu, wanda ake kira ruwaƙi, har da na mutanen Barno. Ke nan tun shekaru ɗari bakwai da suka wuce mutanen wannan yanki sun gane cewa ɗalibi yana bukatar masauki kafin ya bukaci littafi.

Akwai kuma labarin Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Bakatsine, masanin lissafi da taurari. Ya tafi aikin hajji, sa'an nan ya zauna a Alƙahira yana karantarwa yana wallafa, har ya rasu a can a 1741. Abin lura shi ne inda ya rasu: a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin nan Abdurrahman al-Jabarti, kuma shi ya bar wa littattafansa. Shi kansa Shaihu Hasan jikan baƙi ne, kakanninsa daga yankin Habasha suka zo. Bakatsine bai kulle kansa cikin 'yan ƙasarsa kawai ba, ya shiga gidan malamin birnin har ya zama ɗan gida. Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi, shi ma ya ratsa Alƙahira a hanyar hajji, ya sadu da Shaihu Murtala az-Zabidi, ya karɓi ijaza a hannunsa.

Mutanen Gwandu da Birnin Kebbi suna da nasu misalin a gida. A wajen 1807 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar jama'a da niyyar tafiya gabas. Da ya isa Kano, mutanen birnin suka roƙe shi ya tsaya ya koya musu yadda ake gudanar da mulki bisa shari'a. Ya tsaya, ya karantar da tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, sa'an nan ya komo gida. Ya shiga Kano yana baƙo, ya bar ta da abin da take amfani da shi.

A zamanin Turawa hanyar ta sake salo, hukuma ce ta koma tana tura mutane. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi karatun aikin malanta a Jami'ar London daga 1945 zuwa 1946, Malam Aminu Kano ya bi baya a 1946. A 1954 Gwamnatin Jihar Arewa ta tura wasu matasan malaman Arabiyya zuwa Bakht er-Ruda ta ƙasar Sudan, cikinsu har da Malam Abubakar Mahmud Gumi da Malam Halliru Binji da Malam Shehu Galadanci. Kowa ya san abin da waɗannan suka zama bayan komowarsu. Bayan samun mulkin kai ƙofofi suka ƙara buɗewa: Jami'ar Musulunci ta Madina a 1961, dokar da ta sake tsarin Azhar a wannan shekara ta ƙara mata sassan likitanci da injiniya da aikin gona, ga kuma jami'o'in Mosko da na Ingila da Amurka.

Darasi daga ayari

Kafin a shiga Alƙahira, yana da kyau a waiwayi fatake, domin su ne suka fi kowa sanin baƙunci. Ayarin da yakan tashi daga ƙasar Sakkwato, ya bi ta Jega, ya haye Kwara, ya ratsa Bargu zuwa Gwanja sayen goro, ba tarkacen mutane ba ne. Yana da madugu, wanda nauyin kowa ke wuyansa, shi ke magana da sarakunan hanya, shi ke biyan fito. Yana da jagaba, wanda ya san mashaya da mararraba. In an isa gari akwai zango, inda ake sauke kaya a tarar da masu jin Hausa. A cikin zangon kuma akwai maigida, watau mai masauki, wanda ke ba baƙo ɗaki, ya ajiye masa dukiya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in rigima ta taso. Falke ba ya tashi sai da guzurin da aka ƙididdige bisa kwanakin tafiya, da ɗan rara saboda ranar da gulbi zai hana wucewa.

Waɗannan abubuwa huɗu, watau madugu da jagaba da zango da guzuri, har yau su ne ɗalibi yake bukata. Jirgin sama ya taƙaita tafiyar da alhazan ƙasa suke yin shekaru a kanta zuwa awoyi kaɗan daga Kano. Amma tafiyar ƙasa tana da wata fa'ida da jirgi ya kawar. Mai tafiya a ƙasa yana koyon baƙunci sannu sannu, yau Barno, gobe Wadai, jibi Darfur, harshe da abinci suna sauyawa kaɗan kaɗan. Ɗalibin yau kuwa yakan ci tuwon shinkafa da miyar kifi a gidansu, abincinsa na gaba ya zama wake da burodi a titin da ba ya jin ko kalma ɗaya ta masu wucewa.

Kwanakin farko a birni

A ɗauki misalin saurayi daga Gulma wanda ya sauke Alkur'ani, ya yi sakandare a Argungu, ya kuma karanci nahawu da fiƙihu a zaure. Abin da zai fara cin karo da shi shi ne harshe, kuma nan ne girman kansa zai fara karyewa. Ya zo da Larabcin littafi, yana zaton ya iya. Mutumin Alƙahira kuwa ba ya ciniki da wannan Larabci. Harafin jimun yakan mai da shi ga, sai jami'a ta koma gami'a. Harafin ƙaf yakan haɗiye shi, sai ƙahwa ta koma ahwa. Burodin da littafi ya kira khubz, a bakin mai tanda aish ne. In ɗalibin ya tambayi hanya da cikakken i'irabi, direban mota yana iya yin dariya, ko ya amsa masa da muryar mai huɗuba don raha. Wani ɗalibin yakan ji haushi ya daina magana da kowa sai 'yan ƙasarsa, ya shekara biyar bai iya cinikin tumatir ba. Wani kuwa yakan yi dariyar tare da su, ya riƙa rubuta kalmomin kasuwa a ɗan littafi, kafin wata shida ya ji ya mayar. Wannan na biyu shi ne zai fi fahimtar lacca ma, domin malamai da yawa sukan karanta nassi da Larabcin littafi su yi sharhinsa da na gari.

Na biyu shi ne takardu. Ɗalibi da yawa yakan iso yana tsammanin gobe zai shiga aji, sai ya tarar takardar shaidar da ya zo da ita ba ta cikin waɗanda Azhar ta yarda da daidaitonsu da nata. Sai a yi masa jarrabawar tantance matsayi, a ajiye shi a ajin koyon harshe ko a makarantar share fage ta baƙin ɗalibai. Karatun da aka yi wa lissafin shekara huɗu sai ya koma shida ko bakwai. Wannan abu ne da za a iya bincikawa tun ana Birnin Kebbi, kafin a sayi tikiti. Bayan wannan ga takardar izinin zama, wadda ake sabuntawa. Shekaru da dama baƙi suna cin layi saboda ita a babban ginin Mugamma da ke dandalin Tahrir, har zuwa 2019 da aka mai da ofishin unguwar Abbasiyya. Kalmar da baƙo zai fi ji a ofisoshi ita ce bukra, watau gobe. Haƙuri da yawan hotuna da kofen kowace takarda su ne maganinta. Wanda ya bari izininsa ya ƙare ya jawo wa kansa tara, ya kuma zama mai tsoron ɗan sanda a kan titi alhali bai saci kome ba.

Na uku shi ne masauki. Tun ƙarshen shekarun 1950 Azhar take da unguwar kwanan baƙin ɗalibai da ake kira Madinatul Bu'us a Abbasiyya, inda wanda ya sami gurbi yake samun ɗaki da abinci. Amma gurbin bai isar kowa. Saura sukan haɗa kuɗi su kama haya a unguwannin Madinat Nasr, musamman Hayyul Ashir, ko kusa da tsohon masallacin a Darrasa. A nan ɗan Gulma zai koyi zaman bene, inda maƙwabci yake bisa kansa, wani yake ƙarƙashinsa, ba kuwa wanda ya san wani. Zai san dillalin gidaje, wanda ke karɓar la'ada, da mai gadin ƙofa, wanda suke kira bawwab, wanda ya san shigar kowa da fitarsa. Gaisuwar da ɗalibi ya koya a gida, wadda wasu ke ganin ɓata lokaci ce, a nan take yi masa rana. Mai gadin da ake gaisarwa kowace safiya shi ne zai nemo mai gyaran famfo da tsakar dare.

Sai kuma jiki. Mutumin Argungu ya san zafin Afrilu mai wuce awo 40, ya san hunturu, amma hunturun gida na asuba ne, da hantsi rana ta kore shi. Sanyin Alƙahira daga Disamba zuwa Fabrairu yakan sauko wajen awo 10 da dare, ya shige cikin ɗakunan siminti ya zauna, rana kuma gajera ce. Ɗalibin da ya zo da riguna marasa nauyi da bargo ɗaya yakan yi makonni yana tari. Da bazara kuma akwai iskar hamasin mai ƙura, wadda ita kam ba za ta ba ɗan Kabi mamaki ba. Abinci ma haka. Wake dafaffe da suke kira ful, da ƙosansu da suke kira ta'amiyya, da kushari mai haɗa shinkafa da taliya da adas, su ne abincin talaka da ɗalibi, masu araha ne masu riƙe ciki. Wanda ya ce shi sai tuwo zai kashe kuɗin wata cikin mako biyu. Daddawa da kuka da yaji da aka ƙullo daga gida suna da daraja, amma don ranar Juma'a, ranar da 'yan ɗaki za su tuƙa tuwo su tuna gida.

Hanya ita ce ta ƙarshe a wannan kashi. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na Alƙahira ya fara aiki a 1987, layinsa na uku wanda ya bi ta Abbasiyya aka buɗe a 2012, kuma akwai taragun da aka keɓe wa mata. Ƙananan motocin haya kuwa ba su da allo, yaron mota ne ke kiran sunan unguwa da sauri, fasinja kuma ya yi alama da hannu. Babu littafin da zai koya wannan. Tilas sai jagaba, watau tsohon ɗalibi wanda zai ɗauki sabo ya kai shi jami'a da ofishin izinin zama da asibiti da kasuwa, sau ɗaya ko sau biyu, sa'an nan ya sake shi ya ɓace ya gane da kansa. Matambayi ba ya ɓata, in dai ya san sunan unguwarsu da bakin mutanen gari.

Zango: amfaninsa da haɗarinsa

Ƙungiyoyin ɗaliban Nijeriya da na jihohi su ne zangon wannan zamani. Su ke taryen sabo a filin jirgi, su ke ba shi katifa kafin ya sami ɗaki, su ke tara kuɗi in wani ya kwanta ciwo, su ke tsayawa in an yi rasuwa. A can ne Bakabe da Bagobiri da ɗan Maraɗi da ɗan Kumasi suke gane cewa harshe ɗaya ya haɗa su. Ba abin da ya kai wannan amfani a watannin farko, lokacin da kewa take da ƙarfi. Kewa kuwa ciwo ce ta gaske, ko da yake samari suna jin kunyar faɗinta. Takan zo bayan ɗokin farko ya wuce, musamman da azumi da salla, sa'ad da ɗalibi ya tuna cewa yanzu ana can ana hawa a ƙofar fadar Sarkin Kabi, ko kuwa ya ga hotunan bikin kamun kifi a Matan Fada, shi kuwa yana ɗaki shi kaɗai. Alamunta su ne rashin barci, da ƙin fita, da yawan fushi, da barin aji. Abokan ɗaki su ne za su fara gani, kuma wajibinsu ne su ja shi a jiki, in abin ya yi tsanani su kai shi ga likita, kada su tsaya ga cewa ya cika shagwaɓa.

Amma zango yana da haɗari. Falke yakan sauka a zango domin ya shiga kasuwa, wanda ya kwanta a zango har ayari ya juya bai yi fatauci ba. Akwai ɗalibin da zai yi shekara shida a Alƙahira, abokansa Hausawa, hirarsa siyasar gida, rigimarsa ta ƙungiyoyin addini da ya baro a gida, bai taɓa shiga gidan Bamisire ba, bai taɓa zama a zoben karatu na masallacin Azhar ba, bai taɓa zuwa baje kolin littattafai da ake yi kowace shekara tun 1969 ba. Wayar hannu ta ƙara wa wannan ƙarfi. Ɗaliban 1954 sukan jira wasiƙa makonni, saboda haka dole suka juya ga mutanen da ke gabansu. Na yau yana iya kwana yana hira da 'yan unguwarsu a WhatsApp, jikinsa a Masar, kunnensa a Gulma. Jin muryar mahaifiya alheri ne babba, sai dai a yi masa lokaci.

Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Shiga cikin mutanen birni yana da ɗaci wani lokaci, ba kuwa daidai ba ne a ɓoye wa ɗalibi wannan. Baƙar fata yakan gamu da yaran titi masu tsokana, ko mai kanti da zai ninka masa farashi, ko wanda zai tambaye shi tambayar raini game da ƙasarsa. Ɗaliba mace tana da ƙarin nata, na masu maganar banza a hanya, shi ya sa tafiya cikin ƙungiya da sanin taragun mata suke da muhimmanci gare ta. Amsar wannan ita ce kamun kai da sanin inda ake kai ƙara. A birnin nan kuma zai sami tsohuwar da za ta aiko masa da abincin buɗa baki don ta ji an ce ɗalibin Azhar ne, da malamin da zai karantar da shi littafi a gidansa ba da ko kwabo ba.

Zai kuma ga abin da zai faɗaɗa masa tunani. Ya tashi a ƙasar da kusan kowa Bamalike ne. A Alƙahira zai yi salla bayan Bashafi'e da Bahanafe, ya ga ana karantar da mazhabobi huɗu a jami'a ɗaya, ya zauna aji da ɗan Indunusiya da ɗan Turkiyya da ɗan Senegal, ya sayi magani a kantin Kirista Bakibɗe wanda kakanninsa suke ƙasar tun kafin zuwan Musulunci. Wanda ya lura da wannan da idon basira yakan komo gida da sauƙin kai a wuraren da malamai suka yi saɓani. Wannan ma ilmi ne, ko da yake ba a rubuta shi a takardar digiri.

Guzuri da aikin madugu

Yanzu magana ta zo kan ma'aikatan gwamnati. Hukumar da ta tura ɗalibi ita ce madugunsa, kuma madugu ba ya raka ayari bakin gari ya komo gida. Babban abin da ke karya ɗalibi a waje shi ne jinkirin kuɗi. Takardar da ta kwana wata uku a kan tebur, a wurin ma'aikaci jinkiri ne na ofis, a wurin ɗalibi kuwa mai gida ne ke buga ƙofa yana neman haya. Daga nan sai bashi, sai neman aikin da izinin zamansa bai yarda masa ba, sai barin aji, sai faɗuwa jarrabawa. A ƙarshe a rubuta a fayil cewa yaron ba shi da ƙoƙari.

Daɗin daɗawa, darajar kuɗi ba ta tsaya wuri ɗaya ba. A watan Nuwamba na 2016 Masar ta saki fam ɗinta, dala ta tashi daga ƙasa da fam 9 zuwa wajen 18 cikin 'yan makonni. A watan Maris na 2024 aka sake yin haka, ta tashi daga wajen fam 31 zuwa kusan 50, kayan masarufi da haya suka bi ta. A gida kuma, bayan sakin naira a watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 har ta wuce 1,500 a farkon 2024. Uban da yake aika wa ɗansa kuɗin buhun shinkafa biyu kowane wata sai ya ga abin da ke isa hannun yaron ya ragu ƙwarai, alhali shi bai rage kome ba. Saboda haka guzurin da aka yanka da naira shekara huɗu da suka wuce ba guzuri ba ne a yau. Ya kamata a riƙa lissafa shi da kuɗin ƙasar da ɗalibin yake, a duba shi kowace shekara, a kuma biya kafin zangon karatu ya fara. In kuɗin mutum goma ke akwai, tura goma a riƙe su da kyau ya fi tura talatin a bar su da yunwa.

Akwai wasu ayyuka marasa tsada da hukuma za ta iya yi. A tara waɗanda za su tafi na mako guda a Birnin Kebbi, a kira waɗanda suka komo daga wannan birni su yi musu bayanin takardu da haya da sanyi da harshen kasuwa. A tabbatar da matsayin takardar shaidar kowane ɗalibi a jami'ar da zai je tun kafin tashi. A ajiye rajista mai sunan kowa da unguwarsa da lambar fasfonsa da wanda za a nema a gida, har da waɗanda iyayensu suka tura da kuɗinsu, a kuma aika kofe ga ofishin jakadancin Nijeriya. A sa ma'aikaci ɗaya sananne wanda in ɗalibi ya rubuto zai sami amsa.

Ranar tsanani

Wanda yake ganin rajista aikin banza ce ya tuna da Khartum. Ranar 15 ga Afrilu, 2023, yaƙi ya ɓarke a tsakiyar birnin, cikin azumi, alhali dubban ɗaliban Nijeriya suna can, da yawansu daga jihohin Arewa, a Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa da sauran makarantu. Filin jirgin sama ya rufe. Aka kwashe su da motocin safa, wasu zuwa iyakar Masar inda suka yi kwanaki a hamada suna jiran izinin shiga, wasu zuwa Port Sudan, jiragen farko ba su sauka Abuja ba sai farkon watan Mayu. Shekara guda kafin wannan, a Fabrairun 2022, ɗaliban da ke Yukren sun tsere ta iyakokin Poland da Romaniya da Hungari. A waɗannan ranaku tambayoyin da suka raba mai sauƙi da mai wahala ƙanana ne. Fasfonsa yana hannunsa, ko yana wani ofis? Sunansa yana cikin jerin ƙungiya da na jakada? Yana da ɗan kuɗi a ɓoye? Yana da kofen sakamakon jarrabawarsa, domin wata jami'a ta karɓe shi ya ci gaba? Ya san wani ɗan gari da zai nuna masa hanyar da babu harbi? Falke ya san da ranar da gulbi zai cika, shi ya sa yake ajiye rara.

Kammalawa

An ce baƙo raɓa ne, watau ba ya daɗewa. Ɗalibi ya tafi ne domin ya komo, kuma komowar ma wani baƙunci ne. Zai tarar ƙannensa sun girma, abokansa sun yi aure, wasu tsofaffi sun kau. Zai ga kasawar da da ba ya gani, a asibiti da makaranta da hanya. A nan ne ake gane wanda tafiya ta amfana. Wani yakan komo yana raina fura, yana cusa kalmomin waje a kowace jimla, yana gyara wa limamin da ya koya masa alifun karatu a gaban jama'a. Wani kuwa yakan komo ya durƙusa ya gai da malaminsa na zaure, sa'an nan ya kama aiki a asibitin Argungu ko a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ko jami'ar Aliero, ko a makarantar garinsu, ya zama jagaba ga na baya.

A taƙaice, ɗalibi ya tafi da sanin cewa koyon birnin yana cikin karatun da aka tura shi yi. Ya sauka a zango, amma ya fita ya shiga gari. Iyaye su tambayi tsawon karatun da tsadarsa tun kafin a ɗaure kaya. Hukuma kuma ta riƙe amanar madugu tun daga ranar tashi har ranar da ɗalibin ya ajiye jakarsa a ƙofar gidansu a Gulma.

Allah ya kai matafiya lafiya, ya komo da su lafiya, ya sa abin da suka samo ya amfani ƙasa.